DUTSEN NIƘA MA KAYAN TARIHI NE

In an ce kayan tarihi a birnin Zariya, hankalin kowa yakan tafi kan ganuwa da ƙofofinta, irin su Ƙofar Kibo da Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, ko kuwa Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. To, amma mutanen da suka ɗora tubalan nan, da me suka yi kalaci? Da tuwo. Garin tuwon kuwa daga kan dutsen niƙa ya fito.

Dutsen niƙa iri biyu ne a haɗe: uwa, watau babban da ake girkewa a ƙasa, da ɗan dutse da ake riƙewa da hannu biyu. Bayan an yi surfe an wanke hatsi ya sha iska, sai mace ta durƙusa ta zuba shi kaɗan-kaɗan, tana turawa tana jawowa, gari na zuba a faifai. Da farko barza ake yi, sannan a yi tishi, a tankaɗe. In dutse ya yi sulɓi ya daina ci, sai a sa makoɗi a koɗa shi. Aiki ne mai cin ƙugu da gwiwa, shi ya sa mata suka ƙago waƙoƙin niƙa don rage gajiya. A kan duwatsun Kufena da na Turunku har akwai ramukan da niƙan mutanen da ya bari a jikin fa.

A wasu ƙasashe ba su yi wasa da irin wannan gado ba. A Barbegal, kusa da garin Arles a kudancin Faransa, akwai kangon wani gidan niƙa na dutse wanda Rumawa suka gina a ƙarni na 2. Ruwa ne yake gangarowa ya juya ƙafafu 16, su kuma su juya duwatsun niƙa. Injin ya daɗe da tsayawa, amma hukuma tana kula da wurin, ɗalibai suna zuwa suna ganin yadda kakanninsu suka ci abinci.

Mu fa? Tun da injin niƙa ya shigo unguwanni aka mirgine duwatsunmu bayan ɗaki. Wani ya zama wurin wanke ƙafa, wani an fasa shi an zuba a harsashin gini. Hukumar kula da gidajen tarihi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, tana lura da manyan abubuwa kamar ganuwa, amma ba za ta shiga kowane gida ta tsare dutsen kakar kowa ba. Wannan aikinmu ne.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, a hutun nan kowa ya duba gidansu. In akwai dutsen niƙa, a tambayi tsofaffi na wane ne, daga ina aka kawo shi, wace waƙa ake yi a kansa, a rubuta tun masu sanin suna raye. Iyayenmu kuma muna roƙo kada a bari a fasa. In an rasa wurin ajiya, a kawo makaranta mu keɓe masa kusurwa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu gane, amin.