SARAUTA A MA'AUNIN BANGASKIYA: DARASI DOMIN IDIN KRISTI SARKI

A ranar Lahadi ta ƙarshe ta shekarar Ikkilisiya mukan taru domin Idin Kristi Sarki, mu fita cikin jerin gwano muna ɗaukaka Ubangijinmu. Daga nan tambaya takan taso a zukatan masu tunani: tun da Allah Sarki ne, Ɗansa kuma Sarki ne, ashe mulkin sarauta ba shi ne tsarin da ya fi dacewa da Kirista ba? Wannan tambaya ba a makarantun horar da firistoci kaɗai ake yinta ba. A kasuwa da bakin majami'a mukan ji waɗanda suka gaji da rikicin zaɓe da alkawuran 'yan siyasa suna cewa gara a danƙa ƙasa a hannun mutum ɗaya kowa ya huta. Saboda haka ya wajaba mu san hujjojin da malaman Kirista suka kawo domin goyon bayan sarauta, mu auna su da gaskiya, mu kuma san inda Ikkilisiya ta tsaya.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA

Littafin Mahukunta ya rufe da labaran kisa da yaƙi tsakanin kabilun Isra'ila, marubucin kuwa ya danganta wannan ruɗani da rashin sarki a ƙasar, har kowane mutum ya zama alƙalin kansa. Daga nan masu goyon bayan sarauta sukan fara. Sukan ƙara da cewa Allah ne ya umarci annabi Sama'ila ya shafe Saul da mai, daga baya kuma Dawuda, ya kuma yi wa gidan Dawuda alkawarin gadon sarauta mai dawwama (2 Sama'ila 7), alkawarin da ya cika a cikin Yesu.

Amma dole mu karanta 1 Sama'ila sura ta 8 tare da wannan. Sa'ad da dattawan Isra'ila suka je Rama suna neman sarki irin na al'umman da ke kewaye da su, saboda 'ya'yan Sama'ila sun zama masu cin hanci, Allah ya ɗauki roƙon a matsayin ƙin mulkinsa. Ya yarda, amma ya sa annabin ya gargaɗe su cewa sarki zai kwashe samarinsu domin yaƙi, 'yan matansu domin hidimar fada, ya ƙwace gonaki mafi kyau, ya karɓi kashi ɗaya cikin goma na hatsi da na dabbobi. Tun a Maimaitawar Shari'a sura ta 17 an riga an sa wa sarki linzami: an hana shi tara dawakai da mata da zinariya, an umarce shi ya riƙe kwafin Shari'a yana karantawa dukan kwanakinsa, kada ya ɗauki kansa sama da 'yan'uwansa. Watau Littafi Mai Tsarki ya san amfanin sarki, ya kuma san haɗarinsa.

HUJJOJI HUƊU NA MASU GOYON BAYAN SARAUTA

Hujja ta farko ita ce haɗin kai. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rayu daga 1225 zuwa 1274, ya rubuta wa sarkin tsibirin Kubrus wani ɗan littafi a kan sarauta. A ciki ya bayyana cewa babban aikin mai mulki shi ne kiyaye salama da haɗin kan jama'a, mutum ɗaya kuwa ya fi taron mutane iya haɗa kai, gama taro sai ya fara daidaita tsakaninsa kafin ya daidaita wasu. Ya kawo misalin zuciya ɗaya da ke motsa jiki, da Allah ɗaya da ke riƙe da dukan halitta. Kakanninmu ma sun san ba a yin sarki biyu a gari ɗaya.

Hujja ta biyu ita ce ɗorewa. Wanda ya gaji sarauta bai sayi ƙuri'a ba, ba shi da ubangidan siyasa da zai biya bashi, yana kuma sane cewa ƙasar da ya lalata ita ce zai bar wa ɗansa. Mai gona yakan zuba taki domin shekaru masu zuwa, mai aro kuwa amfanin damina ɗaya yake nema. Ban da haka, sarki yana iya tsayawa sama da jam'iyyu da kabilu. Ƙasar Beljiyam, inda masu harshen Faransanci da masu harshen Holanci suke yawan saɓani, ta yi kwana 541 ba a kafa sabuwar gwamnati ba tsakanin 2010 da 2011, Sarki Albat na 2 ne kuwa ya yi ta naɗa masu sasantawa har aka daidaita. A ƙasar Sifen, ranar 23 ga Fabrairu 1981, dakaru ɗauke da bindigogi suka mamaye majalisar dokoki domin juyin mulki; Sarki Huwan Karlos ya fito a talabijin cikin kayan soja ya umarci rundunar ƙasa ta kare tsarin mulki, juyin kuwa ya wargaje.

Hujja ta uku ita ce naɗin da ake yi a gaban Allah. A ƙasashen Kirista na dā, a majami'a ake shafe sarki da mai, ya yi rantsuwa zai yi adalci ya kare marasa ƙarfi. Wannan yana tuna masa cewa shi wakili ne, akwai kuma Wanda zai yi masa hisabi. A shekara ta 390, bayan sojojin Sarki Tiyodosiyus na daular Roma sun karkashe jama'a masu yawa a Tasalonika, Waliyyi Ambros, Bishop na Milan, ya hana shi karɓar Jibin Ubangiji sai da ya tuba a gaban jama'a, sarkin kuwa ya sunkuyar da kai. Waliyyi Luwis na 9, wanda ya hau gadon Faransa a 1226, yakan zauna a gindin itace ya saurari ƙarar talakawa da kansa, a 1247 kuma ya aika masu bincike cikin ƙasa domin a mayar wa mutane abin da ma'aikatansa suka ƙwace.

Hujja ta huɗu ita ce lamiri. Inda kwamitoci da majalisu suke yanke hukunci, laifi yakan zama maraya, kowa ya ce ba shi ba ne. Sarki kuwa mutum ne mai suna, alhaki yana kansa. A watan Afrilu 1990 Sarki Boduwen na Beljiyam ya ƙi sa hannu a dokar halatta zubar da ciki domin lamirinsa bai yarda ba. Gwamnati ta ayyana cewa ba zai iya mulki ba na ɗan lokaci, ta zartar da dokar, washegari majalisa ta mayar da shi kan gadonsa. Bai hana dokar ba, amma ya shaida wa duniya cewa ya gwammace ya sa rawaninsa cikin haɗari da ya saɓa wa Allah.

INDA HUJJOJIN SUKE DA IYAKA

Waɗannan hujjoji suna da nauyi, bai kamata mu rena su ba. Amma kowacce tana rataye ne a kan sharaɗi ɗaya, watau sarkin ya kasance mai adalci. Waliyyi Toma da kansa, a cikin littafin nan, ya koyar cewa kamar yadda mulkin adali guda ya fi kowane kyau, haka mulkin azzalumi guda ya fi kowane muni, domin ƙarfin da ya taru wuri ɗaya ya fi yin ɓarna. Ya ba da shawara a tsara iko yadda sarki ba zai sami sauƙin zama azzalumi ba. A babban littafinsa na tauhidi kuma ya fifita tsari mai gauraye: shugaba ɗaya a sama, dattawa masu nagarta suna mulki tare da shi, jama'a kuma suna da hannu wajen zaɓen shugabanninsu. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, gama a masarautunmu akwai masu zaɓen sarki da 'yan majalisar da ba a yanke babban al'amari sai da su.

Gādo ma ba ya tabbatar da nagarta. Muna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma mun kuma san sau da yawa albasa ba ta yin halin ruwa. Rehobowam ɗan Sulemanu ya ƙi shawarar dattawa ya bi ta samari, kabila goma suka ɓalle (1 Sarakuna 12). Gidan sarautar da ya haifi Boduwen shi ne ya haifi Liyofol na 2, wanda ya riƙe Kwango a matsayin mallakar kansa daga 1885 zuwa 1908, inda aikin tilas na tara roba ya jawo yanke hannaye da mutuwar ɗimbin jama'a. Huwan Karlos da ya ceci Sifen ya sauka daga mulki a 2014, ya bar ƙasar a 2020 ana binciken harkokin kuɗinsa. Shahidanmu da yawa a hannun sarakuna suka mutu. Henri na 8 na Ingila ya sa aka fille kan Waliyyi Tomas Mor a 1535 domin ya ƙi amincewa da sarki a matsayin shugaban Ikkilisiya. Sarki Mwanga na Buganda ya ƙone Waliyyi Carles Lwanga da abokansa a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886, yawancinsu kuwa barorin fadarsa ne.

Akwai kuma kuskure cikin kwatanta sarkin duniya da Allah. Allah ba ya zunubi, ba ya mantuwa, ba a ruɗinsa da fadanci. Ɗan Adam kuwa yana ɗauke da raunin zunubin asali ko yana kan karaga. Shi ya sa, sa'ad da Sarki Jemis na 1 na Ingila ya yi da'awar cewa ikonsa daga Allah yake kai tsaye, ba mai tuhumarsa a duniya, malaman Katolika irin su Waliyyi Robat Belarmin da Fransisko Suwares suka yi masa raddi. Sun koyar cewa iko daga Allah yake, amma ta hannun al'umma yake isa ga mai mulki, domin amfanin al'ummar.

MATSAYIN IKKILISIYA

Ikkilisiya ba ta ɗaure bangaskiyarmu ga wani tsarin mulki guda ba. A 1885 Paparoma Liyo na 13 ya koyar cewa ikon mulki bai keɓanta ga wani tsari ba, muddin yana hidimar amfanin jama'a duka. A 1892 ya rubuta wa Katolika na Faransa, waɗanda da yawansu suke marmarin dawowar sarki, ya roƙe su su karɓi jamhuriya su yi aiki a cikinta domin gyara dokoki. Majalisar Batikan ta Biyu ta tabbatar a 1965 cewa zaɓen tsarin mulki da naɗa shugabanni an bar su ga 'yancin 'yan ƙasa. A 1991 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya yaba wa dimokuraɗiyya domin tana ba jama'a damar zaɓen shugabanni da sauke su cikin lumana, ya kuma yi gargaɗi cewa in ta rabu da gaskiya da ɗabi'a tana iya rikiɗewa ta zama zalunci.

Mu lura da lokacin da aka kafa Idin Kristi Sarki. Paparoma Piyus na 11 ya kafa shi a 1925, bayan gadajen sarautar Rasha da Jamus da Ostiriya da Turkiyya sun faɗi tsakanin 1917 da 1922, masu mulkin kama-karya kuma suna tasowa. Bai nemi a mayar da waɗancan sarakuna ba. Ya tuna wa sarakuna da shugabannin jamhuriya baki ɗaya cewa akwai Sarkin da dukansu suke ƙarƙashinsa. Wannan Sarki ya guje wa taron da ya so naɗa shi da ƙarfi (Yohanna 6), ya wanke ƙafafun almajiransa, ya hau gicciye da rawanin ƙaya a kansa.

ABIN DA YA SHAFE MU

Nijeriya jamhuriya ce tun 1963. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da yawancin ikon gudanarwa, tsarin mulkin 1999 kuma bai ba su wani aikin mulki ba. Duk da haka muna zaune ƙarƙashin sarakuna da hakimai da dagatai, Kirista da Musulmi da masu bin al'ada, kuma sau da yawa ƙofar fada ce ake fara zuwa in rikicin gona ko na kiwo ya tashi. Wajibi ne mu girmama su, mu yi musu addu'a kamar yadda manzanni suka koyar, mu kuma faɗa musu gaskiya cikin ladabi kamar yadda Natan ya yi wa Dawuda, Iliya kuma ya yi wa Ahab a kan gonar Nabot.

Ga wanda ya gaji da zaɓe har yana marmarin hannun ƙarfe guda, amsarmu ita ce: abubuwan nan huɗu da ake yabon sarki nagari da su, watau haɗa kan jama'a, tunanin jikoki, tsoron Allah da ɗaukar alhaki, su ne za mu nema daga kansila da gwamna da shugaban ƙasa. Mai sayar da ƙuri'arsa domin mudun shinkafa ya yi wa kansa naɗin sarkin da Sama'ila ya yi gargaɗi a kansa. Ma'aunin nan kuma yana kan kowane ɗayanmu da aka ba wani iko, ko uba a gida, ko katikis, ko shugabar zumuntar mata, ko firist a Ikkilisiyarsa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. A cikin hujjoji huɗun nan, wacce ta fi ƙarfi a ganinmu, kuma wane sharaɗi take bukata?
2. Waɗanne daga cikin dokokin Maimaitawar Shari'a sura ta 17 za mu iya auna shugabanninmu na yau da su?
3. Wa yake da ikon faɗa mana gaskiya a inda mu ne shugabanni, a gida ko a Ikkilisiya?

ADDU'A

Ya Ubangiji Yesu Kristi, Sarkinmu, ka ba sarakunanmu da dukan masu mulkinmu zuciyar adalci da tawali'u. Ka ba mu ƙarfin hali mu yi biyayya ga abin da yake daidai, mu ƙi abin da ya saɓa wa nufinka, har ranar da za ka tattara mu cikin mulkinka. Amin.