Motsa Jiki a Matsayin Magani ga Mai Ciwon Zuciya

Gabatarwa

A garuruwa irin su Jega, Aliero, Maiyama da Birnin Malam, da zarar an sallamo mai ciwon zuciya daga asibiti, sai dangi su shimfiɗa masa tabarma, su hana shi ko ɗaukar buta. Tausayi ne ya kawo haka, amma binciken kimiyya ya nuna cewa doguwar kwanciya tana ƙara raunana majinyaci.

Yadda Aka Gano Haka

A da, likitocin Turai da Amurka kan kwantar da wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe har mako 6. A 1952 likitoci biyu na birnin Boston, Levine da Lown, suka ba da rahoton cewa majinyatan da aka zaunar a kujera sun fi samun sauƙi. A 1966 kuma aka kwantar da samari 5 lafiyayyu a birnin Dallas tsawon mako 3. Da suka tashi, ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka tarar kwanciyar nan ta fi shekarun yi musu illa.

Dalilin Haka

Zuciya tsoka ce da ke harba jini kimanin lita 5 a kowane minti idan mutum yana hutawa. In an daɗe a kwance, tsokar ƙafafu takan saki, jini kuma yana iya daskarewa a jijiyoyinsu. Tsokar da ta saba da aiki kuwa ta fi iya zuƙar oksijin daga jini, saboda haka zuciya ba ta wahala sosai wajen ciyar da ita.

Yadda Ake Farawa

Sharaɗin farko shi ne izinin likita, tare da ci gaba da shan magani. Sannan:

1. A fara da tafiyar minti 5 zuwa 10 a tsakar gida, sau biyu a rana.
2. A riƙa ƙarawa sannu a hankali, daga gida zuwa masallaci ko gidan maƙwabta, har a kai minti 30, kwana 5 a mako.
3. A yi tafiyar da mutum zai iya magana cikinta ba tare da haki ba.
4. A zaɓi safiya ko yamma, musamman da bazara.
5. A jinkirta ɗaukar buhun albasa, daka da jan guga har sai likita ya yarda.

Idan ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi ya taso, a tsaya nan take, a nemi asibiti.

Masu Jego

Raunin zuciya bayan haihuwa ya yawaita a ƙasar Hausa. Wani bincike da aka buga a 2007 daga asibitin koyarwa na Sakkwato ya same shi a haihuwa 1 cikin 102. Mai wannan lalura ba za ta fara atisaye ba sai kumburi da haki sun lafa, likita kuma ya duba ta.

Aiki ga Ɗalibai

Malami ya sa ɗalibai su ƙirga bugun jini a wuyan hannu na daƙiƙa 15, su ninka sau 4. Su yi tafiyar minti 5, su sake ƙirgawa, sannan su rubuta mintin da bugun ya ɗauka kafin ya koma yadda yake. Wane ɗalibi ne nasa ya fi saurin komawa, kuma me ya sa?