Darasi A Kan Tsatsa: Motar Da Aka Bari A Waje

A ƙauyukan Amurka a kan ga tsohuwar mota a bayan gida, ciyawa ta tsiro ta cikinta. Waɗansunsu irin waɗanda a ke kira motocin ƙarfi ne. Bari mu duba abin da ya kai su ga wannan hali, gama akwai abin koyo a ciki.

1. Zamanin ƙarfinsu

A shekara ta 1964 kamfanin General Motors ya fito da mota mai suna Pontiac GTO. Jikinta matsakaici ne, amma injinta mai silinda 8 ne, da ƙarfin doki 325. Samari suka so ta ƙwarai, waɗansu kamfanoni kuma suka bi sahu. Sai dai motocin nan suna shan mai da yawa. Kuɗin inshorarsu ya hau, a 1970 kuma aka tsananta dokar rage hayaƙi. A 1973 ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai, gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Mutane suka koma ga ƙananan motoci, da yawa daga manyan aka ajiye su a waje.

2. Yadda tsatsa ta ke ci

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun taru a kansa. Fenti shi ne garkuwarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke shiga: inda fenti ya fashe, nan tsatsa ta ke somawa. Ta kan kumbura, ta ɓare, ta buɗe sabon ƙarfe, ta ci gaba. Gishiri ya kan hanzarta ta. A arewacin Amurka a kan zuba gishiri a hanya domin narkar da ƙanƙara, saboda haka motocin can sun fi na busasshiyar jihar Arizona saurin ruɓewa.

3. Sauran jikin motar

Rana ta kan busar da robar gefen gilashi, ruwan sama ya shiga ya kwanta a ƙarƙashin shimfiɗa. Laimar ƙasa tana ci daga ƙasa, har daɓen motar ya huje. Ɓeraye su kan yi sheƙa cikin kujeru, su tauna wayoyi. Fetur ya lalace ya zama kamar danƙo. Danshi ya shiga silinda, inji ya kafe. Motar nan ba karo ta yi ba. Zama ne ya kashe ta.

4. Abin koyo

Sau da yawa mai motar ya kan ƙi sayarwa, yana cewa wata rana zai gyara. Tsatsa kuwa ba ta jiran wata rana. Gyaran yini ɗaya ya kan zama na shekaru.

Mai karatu, tsatsar da ta ci motar nan ita ce ta ke cin kekenka, da garmarka, da kwanon rufinka. Ka share, ka shanya, ka shafa mai, ka ajiye a ƙarƙashin rufi. Abin da ba ka iya kula da shi, ka ba wanda zai more shi tun yana da amfani.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu su ke kawo tsatsa?
2. Don me motocin arewacin Amurka suka fi saurin ruɓewa?
3. Mene ne a gidanka ya ke jiran gyara tun bara?