"To" Biyu A Kan Allo Ɗaya

Shekaru da dama ke nan ina koyar da Turanci a aji biyar da shida na wata firamare a Accra New Town, unguwar da dattawanmu har yau wasunsu ke kira Lagos Town, kuma cikin dukan babukan nahawun da na sha bi da yara, babu wanda ya tona mini asirin gajartar dabarata kamar babin da Turawa ke kira infinitif, watau fi'ilin da ake aza kalmar "to" a gabansa, a bar shi tsirara, ba alamar zamani, ba ta mai aikatawa.

Yaranmu na Zango, na Nima ne ko na Maamobi, da harsuna uku ko huɗu suke shigowa aji: Hausa ta gida, Larabcin makarantar allo, burokan bakin titi, da ɗan Ga ko Tuwi na kasuwa. Amma da yake Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Gana ta zaɓa don koyarwa, littafin da ke hannun malami bai san da wannan dukiya ba, malamin kuwa, in bai yi hattara ba, sai ya bi littafin ido rufe. Ni ma haka na yi.

Wata safiya na rubuta a allo, "We went to Nima to buy waakye", na ce kowa ya ja layi a ƙarƙashin infinitif. Da na bi layin tebura ina duba littattafai, sai na tarar kusan kowa ya ja layi biyu, ɗaya a "to Nima", ɗaya a "to buy". Na ɗaure fuska. Wata yarinya da ke gaba, alli duk ya ɓata mata gefen hijabi, ta ɗaga hannu ta ce, "Ticha, ai kai ka ce mu nemi to. Ga to, ga to." Gaskiyarta. Hukunci na ba su, ban ba su dalilinsa ba.

Wanda ya warware mini wannan ƙulli malamin Arabiyyarmu ne, dattijon da ba ya jin Turanci sai kaɗan. Kuma wannan na daga cikin albarkar tsarin da aka kafa a 1987, sa'ad da aka buɗe sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, har malamin boko da na Arabiyya suka zama suna shan inuwa ɗaya. Da na kai masa kukana, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai harafi biyu ne suka sa riga ɗaya. Na farkon ila ne, harafin jarri, suna yake bi masa. Na biyun kuwa ɗan'uwan an masdariyya ne, wadda ke shiga kan fi'ili su haɗu su zama masdari. Duk wanda ya taɓa littafin Ajurrumiyya ya san 'an' tana cikin nawasibi." Na yi shiru, ina jin kunyar cewa abin da na yi mako ina nema yana zaune a ɗakin da ke maƙwabtaka da nawa.

Tun daga ranar, ga yadda nake yi, kuma ina roƙon 'yan'uwana malamai su jarraba. Idan yaro ya gamu da "to", kada ya ja layi tukuna, ya mayar da jumlar Hausa a zuciyarsa. In "zuwa" ta zauna daram a wurin, ko "wa", ko "ga", kamar mun tafi zuwa Nima, to harafin jarri ne, a bar shi. In kuwa abin da ya fito shi ne don mu saya, ko ina so in tafi, ko ta ƙi ta ci, to ya kama infinitif. Iyaye ma, ko ba su yi boko ba, suna iya wannan da yaro a tsakar gida bayan Isha'i, muddin yaron zai karanta, su kuma su tambaye shi, "Zuwa ina?" In tambayar ba ta da amsa, an gane infinitif ne.

Sai kuma cutar "she wants to goes" da "he wanted to went", wadda, in za a faɗi gaskiya, mu malamai muka haife ta, domin mun yi shekara uku muna tsawa a kan "s" da "ed" har yaro ya ɗauka wajibi ne a liƙa su ko'ina. Maganinta ma Hausa ce. Nakan sa su rera ina so in tafi, kana so ka tafi, tana so ta tafi, jiya na so in tafi, sa'an nan in tambaye su ko "tafi" ta motsa. Ba ta motsa ba. To haka "go" take bayan "to".

Infinitif marar "to", irin na bayan "can" da "must" da "let", ba na taɓa shi sai zango na uku, domin yaron da na yi wata biyu ina raba shi da "I wan go" na bakin titi, in na ce masa yau "let me go" daidai ne, kallon da zai yi mini na san shi. Yarinyar nan mai alli a hijabi ita ta fara yi mini shi.