Darasin Mako: Tsohon Littafi Mai Zane, Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Adana Shi

Barkanmu da sake haɗuwa a wannan allo na ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarmu.

Ranar kasuwar da ta wuce na sayi ƙosai a bakin tasha. Da na cinye zan yar da takardar, sai idona ya kai kan wani zane a jikinta. Na warware ta, na karanta layi biyu, nan take na gane shafi ne daga Magana Jari Ce. Takardar ta yi ja don tsufa, mai ya ratsa ta. Na koma wurin mai ƙosan na ce, "Inna, don Allah ina sauran littafin nan?" Ta ce, "Ɗan nan, ai tun jiya nake yagarsa, ga abin da ya rage." Ta nuna mini bango da 'yan shafuka. Jikanta ne ya kwaso mata daga akwatin marigayi mijinta. Washegari na kai mata tsofaffin littattafan rubutuna, ta ba ni ragowar.

Ban ga laifin Inna ba, sana'arta take yi, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata cewa takardar tana da daraja. Wannan ne ya sa muka zaɓi darasin yau.

1. Mene ne littafin labari cikin zane?

Littafi ne da ake ba da labari ta hanyar jera zane-zane a cikin ƙananan akwatuna, a rubuta maganar kowane mutum a kusa da bakinsa. Wasu na kiransa littafin kartun. An fi buga shi a takarda mai araha irin ta jarida, don yara su iya saya da kuɗin tara.

A Amurka, a shekarar 1938, an fitar da mujallar Action Comics fitowa ta ɗaya, wadda a cikinta jarumin nan Superman ya fara bayyana. Kuɗinta santi 10 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na dala. An buga kwafi kusan 200,000, amma yau ana kiyasin waɗanda suka rage ba su wuce kamar 100 ba. A watan Afrilu na 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya a kan dala miliyan 6.

Ina sauran suka tafi? Yara sun karanta har sun yage, iyaye sun share sun zubar, wasu kuma an tattara su an sake sarrafa takardar a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin lura shi ne, araharsu ce ta kashe su. Abin da kowa ke da shi, ba wanda ke tunanin ajiye shi, sai an wayi gari ya zama sai an tona.

2. Namu na gida

Mu ma muna da irin waɗannan. Daga 1968 zuwa wajen 1972 kamfanin mujallar Drum ya riƙa fitar da African Film, labari cikin hotuna na wani jarumi mai farautar ɓarayi da ake kira Lance Spearman. Samarin Kano na wancan zamani sun yi rububinta ƙwarai. Ku tambayi wani dattijo da ya yi makarantar kwana a lokacin, za ku ga ya yi murmushi. A 1976 kuma Wale Adenuga ya fara mujallar barkwanci ta Ikebe Super, inda Papa Ajasco ya samo asali kafin ya koma talabijin.

Ga kuma littattafanmu na Hausa, waɗanda da yawa daga cikinsu akwai zane a ciki. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Daga gasar ne aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Magana Jari Ce ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, littafi uku. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu yawa don yaƙi da jahilci, aka rufe ta a 1959. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, shi ne ya ci gaba da sake buga da yawa daga cikinsu.

Waɗannan littattafai sun shigo karkararmu ta hannun malaman firamare, da malaman gona, da 'yan ajin yaƙi da jahilci, da masu tafiya cin rani. Daga Ɗambatta zuwa Bichi, daga Kunchi zuwa Makoɗa, akwai gidajen da har yau suna kwance a ƙasan adaka. Duk damina sai an yi asarar wasu.

3. Me ya sa suke saurin lalacewa?

Ga wani abin mamaki. Za ka iya samun littafin ajami da aka rubuta da hannu fiye da shekara 100 da suka wuce yana nan garau, amma mujallar da ba ta wuce shekara 50 ba ta zama kamar busasshen ganye. Dalilai biyu ne.

Na farko, irin takardar. Malamanmu na da sun yi rubutu a kan takarda mai kauri da fatake ke kawowa ta hamada. Da yawa daga cikinta a Italiya aka yi ta da tsummokara, kuma in ka ɗaga ta a haske za ka ga alamar jinjirin wata guda uku. Ita kuwa takardar jarida da niƙaƙƙen itace ake yin ta. A cikin itace akwai wani sinadari mai suna liginin. Idan haske da iska suka daɗe suna taɓa shi sai takarda ta yi ja, tsami ya taru a jikinta, ta riƙa karyewa da an lanƙwasa ta.

Na biyu, kulawa. Malami yakan sa littafinsa tsakanin tadarishi, ya ɗaure, ya zura a gafaka, ya rataye a inda gara da laima ba sa kaiwa. Littafin zane kuwa a aljihu yake kwana, ya bi hannu goma kafin magariba. Ashe ilimin adana takarda ba baƙo ba ne a wurinmu. Gadonmu ne, mu ne dai ba mu yi wa littattafan boko irin wannan gata ba.

4. Tsohon bugu da sabon bugu

Idan littafi ya yi wuyar samu, kamfani kan sake buga shi. Wani lokaci akan nemo kwafi mafi lafiya, a ɗauki hoton kowane shafi da na'ura, a goge tabo da datti a kwamfuta, a gyara launin da ya koɗe, sannan a buga a takarda mai kyau. Wannan shi ne gyararren bugu. Amfaninsa babba ne: yana da sauƙin samu, kuma kowa na iya karantawa ba tare da tsoron yagewa ba. Ba don sake bugu ba, da yawancinmu ba mu taɓa riƙe Ruwan Bagaja ba.

To in haka ne, me za a yi da tsohon? Ga misali ɗaya. Wani mai zane ɗan ƙasar Beljiyam da ake kira Hergé ya fitar da littafin tafiyar jaruminsa Tintin zuwa Kwango a 1931, lokacin da Beljiyam ke mulkin mallakar ƙasar. A bugun farko akwai wurin da Tintin ya shiga aji yana koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu. A 1946 aka sake zana littafin da launi, sai aka mayar da wannan darasi na lissafi. Wanda ya karanta sabon kaɗai ba zai taɓa sanin abin da aka fara cusa wa yara ba. Tsohon kwafin ne shaida.

Haka abin yake a namu. A sabon bugu ana iya canza bango, a gyara ƙa'idar rubutu, a rage zane, ko a taƙaita labarin don 'yan firamare. Sabon bugu yana riƙe mana labari. Tsohon yana riƙe da labarin, ga kuma tarihin zamaninsa: farashinsa, rubutunsa, hatimin makarantar da ta mallake shi, da sunan kakanka da ya rubuta da hannunsa a shafin farko. Saboda haka mai hankali yakan karanta sabo, ya adana tsoho.

5. Yadda za ka gane shekarun littafi

(a) Duba bayan shafin farko. A nan ake rubuta shekarar bugun farko da shekarun da aka sake bugawa. Shekarar ƙarshe a jerin ita ce ta kwafin da ke hannunka.

(b) Duba sunan mawallafa. In ka ga NORLA, littafin na shekarun 1950 ne. In ka ga NNPC, bai riga 1966 fitowa ba.

(c) Duba farashi. In da sule da sisi aka rubuta, an buga shi kafin Janairun 1973, lokacin da Nijeriya ta koma naira da kwabo.

(d) Duba lambar ISBN. Littattafan da suka fito kafin wajen 1970 ba su da ita. Mai lamba 10 ya girmi mai lamba 13, don a 2007 aka koma 13.

(e) Duba rubutun. A tsofaffin bugu za ka ga an raba kalmomin da yau muke haɗewa, kamar "su ka" a maimakon "suka".

Kada ka dogara da alama ɗaya. Ja da tsufan takarda kaɗai ba hujja ba ne, don littafin bara ma in ya sha rana zai yi kama da na kakanni.

6. Yadda ake adanawa

(a) Wanke hannu ka bushe shi kafin ka taɓa. Mai da gumi suna barin tabo, kuma suna jawo kyankyaso.

(b) Kada ka lasa yatsa don buɗe shafi, kada ka lanƙwasa kusurwa don alama.

(c) Kada ka liƙe yagewa da salatif. Bayan 'yan shekaru yakan ɓare, ya bar tabon da ba ya fita. Ka sa shafin da ya cire a cikin farar takarda mai tsabta, ka mayar da shi gurbinsa.

(d) In ƙarfen da aka ɗinke littafin da shi ya yi tsatsa, nuna wa malami a cire shi a hankali, a ɗinke da zare.

(e) Kwantar da mujallu a shimfiɗe, kwali a sama kwali a ƙasa, kamar yadda ake yi da tadarishi.

(f) Sa su a akwatin ƙarfe, ka ɗora akwatin a kan duwatsu ko benci, nesa da bango. Gara ta ƙasa da jikin bango take zuwa. Kada ka ajiye kusa da buhunan hatsi saboda ɓera, ko kusa da murhu saboda hayaƙi.

(g) Kada ka ƙulle littafi mai laima a leda, zai yi fumfuna. In ruwa ya taɓa shi, buɗe shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada ka shanya a rana.

(h) Buɗe akwatin ka duba sau biyu a shekara: kafin saukar ruwan farko, da bayan kaka.

7. Gargaɗi biyu

Na ɗaya, kada labarin dala miliyan 6 ya ruɗe ku. Waccan kasuwa ta masu gwanjo ce a wata ƙasa, kuma kwafi ƙalilan ne ke kai haka. Ribar namu ita ce ilimi da tarihi. Wanda ya samu abin da ya ga ya fi ƙarfin ajiyar gida, akwai wuraren da aikinsu ke nan, kamar Gidan Ɗan Hausa a Kano da Gidan Arewa a Kaduna.

Na biyu, kayan manya amana ne. Kada wanda ya buɗe adakar kakarsa ba da izini ba. Ka gaishe ta, ka yi mata bayani, ka duba a gabanta, ka mayar yadda ka samu. Haka nan doka ta hana a kwafi littafin wani a sayar ba da yardar mai haƙƙinsa ba.

8. Aikin gida

Ƙungiyarmu ta buɗe rajistar tsofaffin littattafai. Ba muna neman ku kawo littafin ba ne, ya zauna a gidan masu shi. Abin da muke so kowa ya rubuto a takarda shi ne: sunan littafi, marubuci, kamfanin da ya buga, shekara, farashin da ke jiki, ko akwai zane, da halin da yake ciki. A miƙa wa wakilin ƙungiya na ajinku kafin ƙarshen wata. Za mu liƙa sakamakon a wannan allo, aji-aji.

Ga tambayoyin bita:

1. Me ya sa takardar jarida take yin ja?
2. Littafin da aka rubuta wa farashin sule biyu, kafin wace shekara aka buga shi?
3. Kawo abubuwa biyu da tsohon bugu ke nunawa waɗanda sabo ba ya nunawa.

Ragowar littafin da na karɓo a wurin Inna yana hannun malaminmu na Hausa, tsakanin kwali biyu. Shafin da ke ɗauke da shekarar bugu yana cikin waɗanda aka riga aka naɗe ƙosai da su, don haka ba za mu taɓa sanin shekarunsa daidai ba. Duk mai son gani ya zo ofishin malamai lokacin tara, amma da wankakken hannu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.