Tsutsar Teku Ta Mutu, Gidanta Ya Zama Dutse



Duk wanda ya taɓa zuwa bakin teku a Jamestown ko Labadi, in ya tsinci kwanson kumba ya duba bayansa, wani lokaci zai ga wasu fararen zare a murɗe, masu tauri kaman alli. Gidan tsutsar teku ke nan. Jikinta laushi gare shi, kifi na iya haɗiye ta, don haka take fitar da sinadarin alli daga jikinta ta gina bututu ta shige. Kanta kawai take leƙowa ta tace abinci a ruwa. In ta ji motsi, wuf, ta koma ciki.

To in ta mutu fa? Naman yana ruɓewa, bututun ya saura. Laka ta rufe shi, wata lakar ta hau kan wannan, nauyi ya danne su shekara da shekaru har lakar ta zama dutse da bututun a cikinta. Ta haka muka san akwai halittun da suka ƙare gaba ɗaya, ba ko ɗaya yau da rai.

Misali na farko a Afirka yake. A 1972 wani masanin duwatsu, Gerard Germs, ya bayyana wata halitta daga Namibiya, ya sa mata suna Cloudina. Bututunta kaman an jera ƙananan mazurari ne, wani cikin wani. Masana sun ƙiyasta shekarunta kusan miliyan 550, tana cikin halittun farko da suka yi wa kansu kwanso mai tauri. A wasu da aka tono a ƙasar Sin har da 'yan ramuka a jikin bututun, alamar wani abu ya huda ya cinye mai gidan. Kun ga ke nan tun wancan zamani akwai mai farauta, akwai mai ɓuya.

Na biyu a ƙasar Hausa. Sakkwato yau tana nesa da teku sosai, amma kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce ruwan teku ne kwance a wurin. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi, kwansunan halittun teku ne suka taru suka yi shi. Wani gidan siminti a Sakkwato, da ragowar teku aka gina shi.

Na uku a nan gida. Duwatsun da ke ƙarƙashin tsohon garin Ankara, wajen bakin ruwa, laka ce da yashi na wani teku da ya wuce shekara miliyan 360, kuma an samu burbushin halittun ruwa a cikinsu.

Da na karanta wa kakana wannan, sai ya ce, "Kai yaro, miliyan nawa? Wa ya ƙirga? Zancen Turawa ne wannan, kar ya ɓata maka karatu." Maganar ta dame ni, na kai wa malaminmu. Ya ce ƙiyasi ne da ake yi ta auna ma'adinan dutse, kuma ana gyara shi in sabon dalili ya zo. Ya ƙara da cewa Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi rubutu a kan halittun da suka zama dutse, Al-Biruni kuma ya lura cewa wasu ƙasashen da mutane ke zaune a kai, da can teku ne. Sannan ya ce in koma Suratul Ankabut aya ta 20 in karanta wa Kaka.

Na karanta mishi. Ya yi shiru, can ya ce ran da za mu bakin teku in kawo mishi kwanson ya gani da idonshi.

Ku ma in kun je, ku tsinto ɗaya ku kawo aji. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.