Shawara ga Ma'auratan Magami Masu Niyyar Komawa Jos

Ma'auratan Magami da suka taɓa zama a Jos a farkon aurensu, don karatu ko fatauci, kan yi marmarin komawa su tuna baya, kuma buri ne mai kyau, domin yana sabunta ƙauna bayan shekarun ɗawainiyar 'ya'ya. Garin Jos yana kan filato, wato tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, kimanin mita 1,200 sama da teku, shi ya sa sanyinsa ke ratsa ƙashi a Disamba da Janairu, daidai lokacin da manomi ya gama kaka ya sami sarari. Saboda haka rigar sanyi da bargo da man shafawa wajibi ne, musamman ga mai ciwon gwiwa.

Hanya ce ta fi buƙatar lura. Ya kamata ma'auratan su kwana Gusau, su tambayi direbobin tasha halin tsaro, sannan su tashi bayan gari ya waye ta Tsafe da Funtuwa da Zariya, kada dare ya riske su.

Gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya cancanci yini guda, domin a nan ake ganin kawunan yumɓu na Nok, sassaƙen mutanen da suka rayu fiye da shekaru 2,000 da suka wuce. Sai dai su shirya zukatansu, don babbar kasuwar Tamunos da suka sani ta ƙone a 2002. Su sanar da 'yan'uwa masaukinsu kafin su tashi.